Masu Tara Injinan Shara, Da Jeren Iyayenmu Da Ake Ɗorawa A Sikeli

Maƙalar wannan makon ta tarihin kayan gida ce. Za mu ɗan yi nisa kafin mu dawo gida, sai a yi haƙuri.

A Turai da Amurka akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne tara tsofaffin injinan shara, wato na'urar nan mai zuƙe ƙura daga kafet. Suna bin wuraren gwanjo su saya, su wanke, su gyara, su jera a ɗaki kowanne da shekarar da aka ƙera shi. Wani Bature a Ingila mai suna James Brown ya shiga kundin Guinness da irin waɗannan injina sama da 300, a jihar Missouri ta Amurka kuwa gidan tarihi guda aka buɗe musu a 2009. Bahaushe zai ji ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Amma tambayi ɗayansu asalin abin da ya ajiye, ka sha labari.

Zai gaya maka cewa a 1901 wani injiniya a Landan, Hubert Cecil Booth, ya ƙera injin zuƙe ƙura mai girman amalanke, doki ke jan sa. A ƙofar gida ake tsayar da shi, a zura dogayen mesa ta taga. Da shi aka share dardumar majami'ar Westminster don naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902, shekara guda kafin sojojin Lugga su shiga Kano da Sakkwato. Ƙaramin da ake turawa da hannu kuwa, wani mai shara ne a wani kanti a jihar Ohio, James Spangler, wanda ƙura ke tayar masa da asma, ya harhaɗa shi a 1907 da injin fanka da sandar tsintsiya da rigar matashin kai. Ba shi da jari, sai ya sayar wa William Hoover, mai sana'ar kayan fata, haƙƙin ƙirar a 1908. Yau sunan Hoover duniya ta sani. Spangler kuwa, in ba a bakin masu tara tsofaffin injinan nan ba, da wuya ka ji an ambace shi.

Mu wannan injin bai taɓa zama namu ba, kuma da dalili. Kafet da lantarki ne suka haife shi. Ɗakin kakanninmu daɓe ne da aka sha da makuba, sai tabarma da ake kaɗewa a waje, tsintsiyar laushi ta gama magana. Ko yau a Damri ko Bakura, wanda ya saye shi sai ya fara neman wutar da zai kunna shi. To amma in batun tara kayan gida ne, a jera su, a san sunan kowanne da darajarsa, matan Hausawa ba su koya wurin kowa ba. Sunan abin jere.

Jeren farko na ƙwarya ne: masaki, da ƙore masu zane, da akushi, da faifai masu launi, sai tasoshin tagulla a gidajen masu hali. Wanda ke son ganin yadda kayan ɗakin amarya suke a wancan zamani ya nemi littafin Baba of Karo na 1954, labarin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta daga bakinta. Abin da ya sauya ɗakin shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga shi ke dawowa da kayan kantunan Turawa irin su UAC da John Holt, cikinsu har da kwanon ƙarfe mai fenti da furanni.

Wannan fentin ba fenti ba ne. Garin gilashi ne ake shafa wa ƙarfe, a gasa a wuta mai zafin digiri kusan 800 har ya narke ya manne. Shi ya sa langa ke sheƙi shekara da shekaru, shi ya sa kuma in ta faɗi take ɓantarewa, tsatsa ta sami ƙofa. Da farko daga Turai ake shigo da su, daga baya na Hong Kong suka cika kasuwa saboda araha. Da gwamnati ta tsananta haraji kan na waje dab da samun 'yancin kai da bayansa, sai masu masana'antun na Hong Kong suka taso da injinansu suka kafa a Legas da Kano. Kamfanin Nigerian Enamelware na Legas a 1960 aka kafa shi. Daga nan kwano ya sauko daga ɗakin matan attajirai ya shiga na matar manomi.

A nan ne labarin ya fi daɗi. Uwa ba ta jira sai an kawo kuɗin gaisuwa. Tun yarinya na ɗaukar tallar ƙuli-ƙuli ko fura ake raba riba, a zuba adashi, in kwasa ta zo a sayi langa biyu ranar Talata a Mafara a tura ƙarƙashin gado. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike kan yara masu talla a Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa kaso mai tsoka na ribar tallar 'yan mata kayan ɗakinsu yake tafiya. Ranar jere ƙannen uwa da ƙannen uba su ɗora kwalla a ƙasa, fanteka a kai, langa, samira, ƙananan kwanuka, babba kan babba har su kusa taɓa rufi, wasu kuma a manna a bango. Akasarinsu ba za su taɓa ganin tuwo ba. Masu wa'azi da 'yan boko sun sha kiran wannan almubazzaranci, kuma ba za a musa ba cewa gasar ta jefa iyaye da yawa cikin bashi, ga gorin dangin ango in sun zo ganin ɗaki suka tarar bango fayau. Amma ni ina ganin an rage wa matan nan wayo. Jeren nan dukiyar mace ce ta kanta, miji ba shi da iko a kai. In ciwo ya zo, ko yunwa, ko aure ya mutu, ta cire saiti guda ta ba dillaliya. In an zauna lafiya, 'yarta ta gada. Matar da ke cikin kulle, ba ta da asusun banki, ta mayar da bangon ɗakinta ma'ajiya.

Shekarun 1970 ne ganiyar kwano. Naira ta maye gurbin fam a 1973, ƙarin albashin Udoji ya shigo aljihun ma'aikata a 1975, a yankinmu kuma aikin madatsar Bakolori da kamfanin Impresit ya kammala a 1978 ya kawo albashin wata-wata ga mutanen da a da sai kaka suke riƙe kuɗi. Madatsar dai ita ce ta tashi ƙauyuka a ƙasar Maradun, kuma mai ƙaura ya fi iya ɗaukar kwano a kan randa. Bayan matsin tattalin arziki na 1986 roba ta fara cin kasuwa, tangaran da gilashi suka shiga kabad, kula ta kori samira.

Me ya shafe mu a matsayin marubuta? Na sha karanta labarin da aka ce ya faru a zamanin Gowon, amma amarya ta zuba abinci a kula, ɗakinta shimfiɗe da kafet daga bango zuwa bango. Wani kuma duk abin da ke ɗakin tsohuwa kwano yake kira, alhali ita ba za ta taɓa ce wa kwalla fanteka ba. Mai karatu ɗan shekara 60 yana ganin wannan zai ajiye littafin. Ɗaki kaɗai ya isa ya faɗi shekarar auren mace, da ƙarfin gidansu, da irin wuyar da ta sha: jeren da ya yi giɓi a tsakiya ya riga ya ba da labarin shekarar da aka sayar da saiti aka sayi hatsi.

Kayan kuma tafiya suke yi. Gidan Makama a Kano ya ajiye samfurin ɗakin amarya na gargajiya, amma gidan tarihi ɗaki ɗaya zai ajiye, ba dubu ba. Sauran suna hannun tsofaffi, 'yan gwangwan na zagayawa da sikeli suna saye da kilo, langar da aka yi shekara ana adashinta ta tafi a kuɗin sabulu. Ga kuma tashin hankalin da muke ciki. Harin da aka kai Damri da maƙwabtanta a watan Mayun 2022 ya ci rayuka da dama, kuma wanda ya tsere da dare ba ya tsayawa ɗaukar kwalla. Duk garin da ya watse a Zamfara, da jerensa ya watse.

Wanda har yanzu akwai irin kayan nan a gidansu, ba sai ya saya ko ya tara ba, waya ta isa. A kifa kwanon a ɗauki hoton gindinsa, domin da yawa suna da tambarin masana'anta ko sunan ƙasar da aka yi su. Sannan a zauna da mai shi a naɗi muryarta: me take kiran sa, wa ya saya mata, a wace kasuwa, da sule aka biya ko da naira, saiti nawa aka jera mata, nawa suka rage, sauran kuma ina suka tafi. A tambaye ta har da langar da ta huje, wadda ake ɗebo wuta da ita daga maƙwabta.