Garin da ya koya wa likitoci lissafin ciwon zuciya

Malamai da iyaye, ina so yau mu waiwayi asalin lissafin da likita ke yi kafin ya ce wa mutum zuciyarsa na cikin haɗari.

Ranar 12 ga Afrilu 1945 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu bayan jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, awon jininsa ya kai 300 bisa 190. A zamanin, likitoci da yawa na ɗaukar hawan jini a matsayin abokin tsufa da ba a taɓawa. A 1948 hukumar lafiyar Amurka ta soma bincike a Framingham, wani gari kusa da Boston. Aka ɗauki mutum 5,209, maza da mata, ana auna su duk shekara biyu, ana rubuta wanda ya kamu da wanda ya tsira.

A 1961 Dakta William Kannel da abokan aikinsa suka nuna cewa hawan jini da yawan kitsen jini sukan riga ciwon zuciya zuwa. Taba da ciwon suga su ma suka shiga jerin. A 1971 aka ɗauki ƴaƴan mutanen farko, a 2002 jikokinsu. A 1998 aka fitar da jadawalin maki: shekaru, jinsi, tansiyo, kitsen jini, taba da suga, kowanne da makinsa. Jimillar ke nuna kashi nawa cikin ɗari ne haɗarin mutum a shekara goma masu zuwa.

Sai dai galibin mutanen Framingham fararen fata ne, ma'auninsu bai dace da kowa ba. Don haka a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali na yankuna 21, har da Afirka ta Yamma. Akwai samfurin da ba ya buƙatar gwajin jini: shekaru, jinsi, taba, tansiyo, da nauyi bisa tsawo sun isa.

Ni da ke ba dalibai maki kullum, abin da na ɗauka a tarihin nan shi ne wasu makin a hannunmu suke. Shekaru ba sa komawa baya, amma ana barin taba, ana rage gishiri. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, har da na dunƙulen miya. Duk wanda ya kai arba'in ya je CSI mafi kusa a auna masa tansiyo, domin hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama. Mu kuma sa ido kan yaranmu na kwaleji, tunda galibin masu shan taba da ƙuruciya suke farawa.