Gurasa da Bandashe: Tarihin Kano a Faranti Ɗaya

Gabatarwa

Duk wanda aka ce ya lissafa kayan tarihin birnin Kano, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne Dutsen Dala, sai ganuwa da ƙofofinta, sai Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Su ake bugawa a kalanda, su ake kai baƙi su gani. Da wuya a sami wanda zai sa gurasa a wannan jeri, domin abin da ake saye a bakin titi, a naɗe a takarda, ba a cika yi masa kallon kayan tarihi ba. A cikin birni na tashi, kuma tun ina yaro nake cin gurasa kamar kowane Bakano. A wannan maƙala ina so in nuna cewa farantin bandashe guda, wato gurasar da aka jiƙa da ruwa kaɗan aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da mai da albasa, yana ɗauke da labarin hanyoyi uku da arzikin Kano ya biyo: hanyar raƙumi, hanyar jirgin ƙasa, da hanyar teku.

Hanyar raƙumi

Abincin Bahaushe na asali gero ne da dawa. Daga gare su ake samun tuwo, fura, koko da kunu. Alkama baƙuwa ce, kuma sunanta ma ya tona asalinta, domin daga Larabci aka aro shi. Haka nan sunayen yawancin abin da ake yi da ita: alkubus, alkaki, gurasa, har da tanderun da ake gasa gurasar a ciki. Har yau a ƙasar Sudan akwai wani faffaɗan burodi da suke kira da suna kusan iri ɗaya da namu. Kalmomin da kansu shaida ne cewa abincin ya shigo ne tare da mutanen da suka zo da harshen.

Zamanin da ya buɗe wa waɗannan baƙi ƙofa sosai shi ne na Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da sarakunan Kano ke zaune a cikinta har yau, ya kuma faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tun wajen ƙarni na goma sha biyu. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya sauka Kano. Daga nan ayarin raƙuma suka riƙa ratso Sahara daga Tarabulus da Gadamas, su bi ta Agadas, su sauke kaya a Kano, su koma da fatu da turkuɗi da haƙorin giwa.

Waɗannan fatake sun bar sawunsu a sunayen unguwanni. Alfindiki ta samo sunanta daga kalmar Larabci mai nufin masaukin baƙi. Dandalin Turawa kuwa takan ruɗa wanda bai san tarihi ba, ya ɗauka Ingilishi ne suka zauna a wurin, alhali a da can Larabawan arewacin Afirka ake kira Turawa, sai daga baya sunan ya koma kan mutanen Turai. Agadasawa, Zangon Barebari da Tudun Nufawa su ma kowace tana faɗar inda mutanenta suka fito. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da Larabawa zaune a ɓangaren birni da ke kusa da Dala, suna kasuwancinsu.

A gidajen irin waɗannan attajirai da kuma gidajen sarauta aka fi cin alkama, domin nomanta sai da rani, a fadama, da ban-ruwan jigo, kuma ba a samunta da yawa. Shi ya sa har yau alkaki yake cikin kayan gara, abin da ake fita kunyar surukai da shi. Sannu a hankali gurasa ta fito daga waɗannan gidaje ta shiga kasuwa, har ta kai ga ba wa wata unguwa suna: Ceɗiyar 'Yan Gurasa, a kusa da Jakara. Sana'ar ta mata ce, a cikin gida ake yin ta. Ana kwaɓa gari da yis da gishiri tun cikin dare, a bar shi ya tashi, a hura wutar kara a cikin tanderun yumɓu, sannan a riƙa manna curin a jikin bangonsa mai zafi da hannu, a ɓamɓaro shi idan ya gasu. Kafin hantsi masu sari sun kwashe, sun watsu cikin gari da ƙauyuka.

Hanyar jirgin ƙasa

Shekarar 1911 ta raba zamani biyu a tarihin kasuwancin Kano. A shekarar ne Italiya ta kai wa Tarabulus mamaya, abin da ya ƙara durƙusar da fataucin Sahara wanda dama ya fara ja da baya. A shekarar ne kuma layin dogo ya iso Kano, shekara takwas bayan sojojin Ingila sun ci birnin a watan Fabrairu na 1903. Fuskar gari da ta daɗe tana duban arewa sai ta juya kudu, wajen Ikko.

Turawan mulkin mallaka auduga suka so jirgin ya riƙa ɗauka zuwa masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba. Tana yi a jigawa, ana iya shuka ta tare da hatsi, idan kasuwa ta faɗi kuma ana iya cinta, ga harawa ga dabbobi. Audugar da suka noma kuwa masaƙan gida suna saye da daraja. Cikin 'yan shekaru kaɗan gyaɗa ta zama babban kayan da Kano ke fitarwa. Tsofaffin fataken goro, waɗanda suka san ƙauyuka kuma suke da yaran gida masu amana, su suka zama dillalan kamfanonin Turawa. Fitacce a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya yi fataucin goro a Kumasi kafin ya dawo gida, ya rasu a 1955.

Dalar gyaɗa da muke tinƙaho da ita ta samo asali ne daga ƙarancin taragu. Gyaɗar da ake saye a kaka ta fi ƙarfin abin da jirgi zai iya kwashewa, don haka aka riƙa jera buhunan a fili, wajen dubu goma sha biyar a tsibi guda, a lulluɓe da tamfol ana jiran layi. Kanawa suka dubi waɗannan tsibi-tsibi suka kira su da sunan dutsen da garinsu ya kafu a gindinsa. Ta haka Kano ta sami Dala biyu, ɗaya ta dutse, ɗaya ta buhu.

Ta buhun ba ta yi ƙarko ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙona gonaki, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur kuma ya janye hankalin hukuma daga noma. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Filayen da dalar ta tsaya, irin na wajen Ƙofar Mazugal, sun zama gine-gine da wuraren sana'a. Mu da aka haifa bayan wannan zamani a hoto kawai muka san ta, sai kuma a bayan takardar naira 200.

Gyaɗar da ba ta hau jirgi ba ita ce ta wanzu. Mata a cikin gidaje suna soya ta, su niƙa, su matse mai, su murza tunkuzar su soya ƙuli-ƙuli. Wannan ƙuli shi ake dakawa a yi yajin tsire, shi ake shafa wa kilishi, shi ne kuma ran bandashe. Duk wanda ya ci bandashe ya haɗa alkamar zamanin raƙumi da gyaɗar zamanin jirgi a loma ɗaya.

Hanyar teku

Gurasar yau ba da alkamar fadama ake yin yawancinta ba. Da fulawa ake yin ta, fulawar kuma daga alkamar ƙasashen waje ake niƙa ta, wadda ke shigowa ta jirgin ruwa. An yi ƙoƙarin sauya wannan. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Baƙo, ya gina madatsun ruwa, ciki har da na Tiga, kuma ruwan Tiga ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura inda ake noman alkama. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama don a dogara da ta gida, amma abin da aka noma bai wadatar ba, bayan 'yan shekaru aka janye dokar.

Sakamakon haka farashin gurasa a Jakara ya zama yana rataye da abubuwan da ke faruwa a nesa. Yaƙin Rasha da Ukraine da ya ɓarke a 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya. A 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, buhun fulawa ya yi tashin gwauron zabo. A watan Fabrairu na 2024 mata masu yin gurasa suka fito kan titi a Ceɗiyar 'Yan Gurasa ɗauke da kwalaye, suna kokawa cewa jarinsu ya karye, da yawa sun kashe tanderu. Matan da aka saba sanin aikinsu ba tare da an ga fuskarsu ba, ranar nan gari ya gan su. A ganina wannan rana ta cancanci shiga littafin tarihin Kano, domin ta nuna yawan gidajen da ke ci daga bakin tanderu: mai kwaɓi, mai kawo kara, mai sari, mai talla, mai tsire, da marayun da ake ciyarwa da ribar.

Kammalawa

Ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO tun 2007 don a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya. Duk da haka muna gani ana haƙar ƙasarta, ana yanka filaye a jikinta, kuma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Idan abin da aka yi wa rajista a takarda yana zaizayewa haka, ina ga sana'ar da babu hukumar da ta rubuta sunanta?

Gurasa ta kai yau ne saboda uwa tana koya wa 'ya, kuma kowace safiya akwai mai saye. Ranar da tsadar fulawa ta sa 'yar ta ga babu riba a gadon, ilmin zai tafi tare da tsofaffin da ke riƙe da shi. Saboda haka ina kira ga ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da sauran makarantunmu da su shiga gidajen Jakara su naɗi bayanan waɗannan iyaye, yadda ake yi wa masu sarauta da malamai. Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihin Kano, ya dace a ga tanderu a cikinsa tare da bayanin asalinsa. Hukuma kuma ta riƙi noman alkama a Kadawa da muhimmanci, ta sama wa masu gurasa hanyar samun gari da rahusa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gurasa tana cikin gidan da muka gada, kuma har yanzu da sauran wuta a tanderunta.