Shinkafar Kura da ƙofar da ake buɗewa ana rufewa

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gida Kura gaishe da kawuna. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, hira ta juya ta koma musu tsakanin Kawu da mijin yayata, wanda malamin makaranta ne a cikin birnin Kano. Kawu ya ce gwamnati ta kashe manomi tun ranar da ta cire harajin shigo da abinci, don haka a mayar da harajin, a ƙara masa nauyi. Malam ya ce, "Kawu, Allah Ya ja da ranka, ni albashina ne shaida. Sai da aka buɗe ƙofar nan 'ya'yana suka koma cin shinkafa sau biyu a mako." Kawu ya ce, "To Malam, ku ci. Amma baɗi wa zai noma muku?"

Na yi shiru domin duk su biyun gaskiya suka faɗa. A hanyata ta komawa na riƙa tuna cewa wannan musun ya girme ni, kuma kusan kowane zagaye nasa a gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam ya sauka. Waiwaye adon tafiya, bari mu ɗan koma baya.

Asalin arzikin yankinmu ruwa ne. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, aka ja babban kanal ya biyo ta Kadawa ya rarrabu cikin gonaki. Ruwan gangarowa yake yi da kansa, ba a buƙatar injin da zai turo shi. A tsarin kashin farko an yi niyyar shayar da hekta kusan 22,000, daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, a farko alkama ce babban abin da aka so a noma da rani a nan, tare da tumatir. Shinkafa daga baya ta mamaye.

Sai dai a daidai lokacin da ake haƙa kanal, kuɗin man fetur ya shigo, naira ta yi ƙarfi, sayo abinci daga waje ya fi noma shi sauƙi. Alkamar Amurka ta cika masana'antun fulawa, burodi ya zama abincin safe har a ƙauye. Shinkafar waje ta zama ta 'yan birni da ta biki. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa kwamitin shugaban ƙasa kan shinkafa, Umaru Dikko ya jagorance shi, kuma tun daga wannan zamani lasisin shigo da shinkafa ya zama abin siyasa. Wanda ya samu takarda ya yi arziki ba tare da ya taɓa taka laka ba.

Da farashin mai ya faɗi, kuɗin waje ya ƙare, sai aka juya gaba ɗaya. Gwamnatin Babangida ta haramta shigo da shinkafa a 1985, ta haramta alkama daga farkon 1987. Duk wanda ya kai shekara hamsin a yankin nan zai ba ka labarin shekarun alkama. Kawu ya ce a lokacin ne ya sayi babur ɗinsa na farko, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Mutane suka bar wasu amfanin suka duƙufa alkama, har waɗanda ba su taɓa noma ba suka zo hayar gona. Amma alkama sanyi take so, kuma hunturunmu gajere ne. Idan ka makara shuka ta wuce Nuwamba zuwa farkon Disamba, zafin Maris zai same ta tana tsaka da cika ido. Abin da ƙasa ta iya nomawa bai kusa da abin da gidajen burodi suke buƙata ba. Burodi ya yi tsada, fulawar fasa-ƙwauri ta riƙa shigowa daga maƙwabta, Amurka kuma tana matsa lamba a buɗe mata kasuwarta. A ƙarshen 1992 aka ɗage haramcin. Kawu ya ce ya wayi gari da buhunan alkama a ɗaki, dilan da suke binsa har gona a bara sun daina amsa gaisuwa.

Shinkafa ma haka ta riƙa yi. A 1995, zamanin Abacha, aka cire haramcin aka sa kuɗin fito kashi 100 cikin 100, shekara ta zagayo aka rage shi zuwa kashi 50. A 2008, da abinci ya yi tsada a duniya, marigayi Umaru 'Yar'aduwa ya dakatar da harajin shinkafa na wata shida. A 2013, zamanin Jonathan da ministansa na gona Akinwumi Adesina, aka kai shi kashi 110. Ma'ana, idan ka sayo shinkafar naira ɗari, sai ka biya naira ɗari da goma kafin ta fito daga tashar jirgin ruwa. Me ya faru? Jiragen suka karkata Kwatano. Jamhuriyar Benin, wadda mutanenta ba su cika cin turarriyar shinkafa irin tamu ba, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayenta daga Tailan da Indiya. Daga can ta biyo ta Nijar, ta sauka Maraɗi, ta tsallako ta dazukan Jibiya da sauran hanyoyi a kan babura da ƙananan motoci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin da ya kamata kwastan ɗinmu ta karɓa, baitulmalin wata ƙasa ya shiga. A 2014 dole aka sauko: kashi 30 ga masu masana'antar casa a cikin gida, kashi 70 ga 'yan kasuwa zalla.

Zamanin Buhari kowa ya gani da idonsa. A Yunin 2015 Babban Banki ya hana dalar gwamnati ga masu shigo da kaya 41, shinkafa na ciki. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Ba zan ɓoye ba, Kura ta ga alheri. Injinan casa suka ƙaru, mata masu turara shinkafa suka samu abin yi, yara masu shanya da ɗauka da ɗinkin buhu kowa yana samun na kashewa. Shinkafar Hausa da ake raina wa saboda tsakuwa ta gyaru, ta shiga buhu mai tambari. Kuɗin hayar gona ya tashi, manyan masana'antu suka jeru a Kano.

To amma wa ya biya kuɗin wannan alherin? Irin su Malam ne. Duk lokacin da aka toshe kaya mai araha, mai saye ne yake cika gibin daga aljihunsa. Akwai kuma abin da mu 'yan ƙauye ba ma son faɗa: ƙaramin manomi bai fi kowa cin moriyar tsadar ba. Yana yanka yake sayar da shanshera, saboda bashin taki da na leburori na jiransa. Farashi yana tashi ne bayan kaya sun bar hannunsa sun shiga sito. Idan damina ta yi nisa, shi ma da tsada yake auno tiya. Bashin Anchor kuwa, da yawa ba a biya ba, kuma kowa ya ji labarin manoman biro da suka karɓa.

Tumatir ya koya mana darasi ta wata fuskar. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, wadda aka tsara ta cinye tan 1,200 a rana. A shekarar tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki. A 2017 gwamnati ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatir na waje daga kashi 5 zuwa kashi 50, ta ƙara dala 1,500 a kan kowane tan. Duk da wannan katanga, masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa, domin samun isasshen tumatir a farashin da zai yi wa manomi da kamfani daidai ya gagara. Haraji yana iya tare kayan waje a bakin ruwa, amma ba ya kashe tsutsa, ba ya ƙara yawan kwandon da eka take bayarwa.

Sai muka iso inda muke. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira, a Oktoba Babban Banki ya ɗage wancan hani na dala. A daidai lokacin Indiya, wadda ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya, ta taƙaita fitarwa. Zuwa 2024 buhun shinkafa ya doshi naira dubu ɗari. A Yulin 2024 ministan gona Abubakar Kyari ya sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da aka cire wa ƙaiƙayi. Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, kuma mu a Kano mun san abin da muka gani. Babu gwamnatin da za ta ga haka ta naɗe hannu. Daga baya farashi ya sauko. Buɗe ƙofa ya taimaka, haka ma dawowar Indiya kasuwa da ɗan natsuwar da naira ta yi. Sai dai taki da maganin feshi da man inji ba su sauko tare da shi ba. Nan ne ciwon Kawu yake.

Ku lura da lissafin nan. Kwana 150 a ofis ɗan lokaci ne. Amma shinkafar Sipi da muke nomawa wajen wata huɗu take yi daga zuba iri zuwa yanka. Kenan mutum zai ci bashi ya sayi taki a ƙarƙashin wata doka, ya zo sayarwa a ƙarƙashin wata dokar daban. Mai shigo da kaya yana iya soke odarsa da waya ɗaya. Wanda ya dasa ya riga ya dasa. Daga 1985 zuwa yau, an sha sauya dokar shinkafa ta yadda sau da yawa manomi bai san abin da zai tarar ba. Abin da ya karya Kawu a 1992 shi ne yake neman karya shi yanzu: an kira shi ya shigo, yana tsakiyar ruwa aka janye kwalekwale.

Siyasar abin ba ta da wuyar ganewa. Mai saye yana birni, kusa da gidan gwamnati da gidajen rediyo, idan ya fusata ana gani a titi. Masu shigo da kaya ba su da yawa, amma suna da lambar wayar manya. Manomi ya fi su yawa, sai dai a warwatse yake, kuma fushinsa shiru ne: ya rage gona, ko ya koma wani amfanin, sai bayan shekara biyu ƙasa ta ji a jikinta. Ba mu muka fara ba. Ingila ta kafa dokokin kare hatsinta a 1815, aka shekara talatin ana rikici tsakanin masu gonaki da ma'aikatan birane, har Firaminista Robert Peel ya soke su a 1846 lokacin yunwar Ayalan, jam'iyyarsa ta dare biyu. Amma ko shi bai cire harajin a dare ɗaya ba, sai da aka ba shi shekara uku yana sauka a hankali.

Ni ra'ayina, a bar haraji a kan shinkafa, matsakaici, wanda bai kai ya mayar da fasa-ƙwauri sana'a mai tsoka ba. A rubuta shi na shekara biyar, a faɗa wa kowa yadda zai riƙa sauka. Idan dole ta sa a buɗe ƙofa, a sanar kafin a zuba iri, kada kaya su iso lokacin yanka. Kuɗin da aka tara kuma a gan shi a ƙasa: a yashe kanal, a cire kacalla, a kai ruwa gonakin da suke ƙarshen layi, a ba injinan casa wuta, a sayi shanshera da kaka a ajiye don ranar tsada. Gyaran da aka yi wa kanal-kanal ɗinmu ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya ya nuna cewa idan ruwa ya iso a kan lokaci, amfanin gona yana ƙaruwa ba tare da an taɓa aljihun mai saye ba. Idan eka ta ba da buhu fiye da na bara da kuɗin aiki iri ɗaya, Kawu zai iya sayarwa da sauƙi ya ci riba, Malam ya saya bai yi kuka ba. A nan kaɗai na ga buƙatarsu ta haɗu.

Da zan tafi na tambayi Kawu me zai shuka bana. Ya ce rabin gonar shinkafa, rabi albasa da masara, "don ban san da wace ƙafa gwamnati za ta tashi ba." Mutumin da yake da ruwan Tiga a bakin gonarsa, rani da damina, shi ne yake noma da rabin zuciya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan magana ɗaya, Ya sa wa nomanmu albarka, Ya sauƙaƙa wa mai saye. Amin.