Zalotawa, Harajin Kaisar da Almajiran Annabi Isa (AS)

A shekara ta 6 Miladiyya, Rumawa suka karɓe mulkin Yahudiya kai tsaye, suka yi ƙidayar jama'a domin ɗora haraji. Sai wani mutum mai suna Yahuza Bagalile ya miƙe yana kira da cewa Allah kaɗai ne sarki, biyan Kaisar kuwa bauta ce. Rumawa suka murƙushe tawayen, amma aƙidar ta ci gaba da ruruwa kamar wutar ƙaiƙayi. Daga cikinta aka samu waɗanda ake kira Zalotawa, wato masu tsananin kishin addini, da kuma Sikari, masu ɓoye wuƙa a cikin riga suna soke Yahudawan da suke zargi da bin Rumawa a tsakiyar taron idi.

A cikin wannan yanayi Annabi Isa (AS) ya yi wa'azinsa. Linjilar Luka ta ambaci Saminu Zaloti cikin hawariyawa, kuma Linjila ta Matiyu ta ce akwai mai karɓar haraji a cikinsu. Ku duba, 'yan'uwa: mai kishi da ma'aikacin haraji a zaure ɗaya. Linjilu sun ruwaito cewa an tambaye shi game da harajin Kaisar domin a yi masa tarko, bai kuwa umurci kowa da ɗaukar makami ba. A 1967 wani masani Bature, Brandon, ya rubuta littafi yana kusanta shi da Zalotawa, amma yawancin masana ba su karɓi ra'ayin ba.

A shekara ta 66 babban tawaye ya ɓarke. Marubucin tarihi Yosifus ya ce ƙungiyoyin da ke cikin Kudus sun yaƙi juna har suka ƙone rumbunan hatsinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekara ta 70 Titus ya ci birnin, ya ƙone Haikali. Eusebiyus ya ruwaito cewa mabiya Isa sun riga sun yi hijira zuwa Pella, ƙetaren Kogin Urdun.

Bayan wannan rushewa, jagorancin Kiristanci ya bar Kudus ya koma biranen da ba na Yahudawa ba, irin su Antakiya da Rum. Wuƙar Zalotawa ba ta kori Kaisar ba, sai dai ta taimaka wajen raba Kiristanci da tushensa na Yahudanci. Allah ya sa mu amfana da tarihi.