Gogewa ko Sokewa? Ma'anar "Dilit" a Kundin Bulokcen

Duk mai riƙe da waya ya san dilit. Ka danna, hoto ya ɓace, saƙo ya tafi, kuma tuni Bahaushe ya raɗa wa wannan aiki suna, ya ce gogewa. To amma akwai inda kalmar nan take faɗin abin da ba shi ne yake faruwa ba, wato kundin bulokcen mai izini, irin wanda bankuna da manyan kamfanoni suke aiki da shi. Ana ce masa mai izini ne domin ba kowa yake shiga ba sai wanda aka tantance aka ba shi shaida, saɓanin Bitcoin da ƙofarsa take buɗe ga kowa. Fitacce a cikin irin wannan kundi shi ne Hyperledger Fabric, wanda ya taso ƙarƙashin gidauniyar Linux, kuma a kansa aka gina eNaira da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba, 2021.

Kundin Fabric kashi biyu ne, kuma a nan ruɗanin yake. Kashi na farko ma'ajiya ce da take nuna halin da kowane abu yake ciki a yanzu. Na biyu shi ne sarƙar kanta, jerin tubalan da suke ɗauke da duk abin da aka taɓa yi tun ranar farko, kowane tubali ɗauke da hatimin lissafi na wanda ya gabace shi. Wanda ya taɓa harafi ɗaya a tsohon tubali ya ɓata hatimin duk na bayansa, ga shi kuma kowane ɗan ƙungiyar da take amfani da kundin yana riƙe da nasa kwafin.

A ce an rubuta cewa mota mai lamba kaza ta wane ce, daga baya aka ba da umarnin DelState, wato dilit ɗin Fabric, a kanta. Idan ka nemi lambar a ma'ajiya, wayam za ka gani. Amma ka kira wani umarnin, GetHistoryForKey, sai komai ya zubo: ranar da aka fara rubuta motar, sunan mai ita, duk canjin hannu da ta yi, sannan layin ƙarshe mai alamar cewa an cire ta, da lokacin da aka cire. Ashe kundin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi da layi guda.

Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan sarai. Mai shago idan aka biya shi bashi, ba ya yage shafin littafinsa, layi yake ja a kan sunan. Ba ya bin ka ko sisi, amma duk wanda ya buɗe littafin zai karanta sunanka da abin da ka ci. Wannan shi ne sokewa. Gogewa kuwa sai rubutu ya bar shafi, kankarewa kuma ta fi ƙarfi, don ita ko gurbi ba ta bari. Su kansu masana ma'ajiyar bayanai sun san da haka, shi ya sa suke kiran irin wannan alama dutsen kabari: ta nuna abin ya mutu, ta kuma nuna inda yake kwance.

Kankarewa ta gaskiya tana nan a Fabric, sai dai a gefen sarƙa. Tun 2018 aka shigo da rumbun bayanan sirri, inda ainihin bayanin yake zama a hannun waɗanda aka yarje wa kaɗai, hatiminsa kawai ake ɗorawa a sarƙa. Ana iya ƙayyade masa wa'adi, bayan tubala kaza ya ɓace da kansa, kuma a 2023 aka ƙara umarnin PurgePrivateData mai cire shi har da tarihinsa. Hatimin yana nan daram yana shaida cewa an taɓa ajiye wani abu. Wasu kuma sukan kulle bayanin tun farko, in an buƙaci kawar da shi sai su lalata makullin.

Dalilin da ya sa na damu da bambancin nan shi ne doka. Sashe na 17 na dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, ya ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa, haka ma dokar Najeriya ta 2023. Wanda ya nemi wannan haƙƙi gogewa yake nufi, ba jan layi ba. Idan sunansa da lambar wayarsa sun riga sun hau sarƙa, aka danna DelState aka ce masa an goge, a ganina an yaudare shi, ko da ba da gangan ba.

Saboda haka masu fassara manhajoji da masu bayyana wa jama'a wannan fasaha da Hausa, don Allah ku raba kalmomin: abin da ya bar ma'ajiya amma yana sarƙa ku ce an soke shi, gogewa kuma ku ajiye ta ga abin da ya tafi da gaske. Masu gina kundin kuwa, kada ku ɗora sunan mutum ko lambarsa a kan sarƙa tun da fari.