Horar da likitocin allurar barci a Kano

A Kano, likitan da ke son ƙwarewa kan allurar barci da kashe zafi yakan nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Shaidar ƙwarewa kuwa tana fitowa ne daga Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta ƙasa da ke Legas.

Sai dai a manyan asibitocin karkara irin na Bichi da Dambatta, galibi ma'aikatan jinya masu horo na musamman ke riƙe aikin. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne iya allurar ƙashin baya ga mai naƙuda da za a yi wa aiki, da sa ido kan 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini.