Akwati da Mabuɗi: Shugabannin Sa-kai na Ƙungiyar Matuƙan Jiragen Kogin Misisipi

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin ƙungiyoyin sana'a sukan fi mayar da hankali ga yajin aiki da ƙarin albashi, su manta da mutanen da aka damƙa wa littafi da kuɗi da mabuɗi. Wannan maƙala za ta dubi wata ƙungiya ta matuƙan jiragen ruwa masu lasin, wadda aka kafa a kogin Misisipi na ƙasar Amurka a ƙarshen shekarun 1850, domin a ga yadda wasu 'yan ƙalilan da suka sa kansu gaba suka gina ta bisa amana, da kuma yadda cin amanar ɗaya daga cikin masu riƙe da muƙami ya taimaka wajen rusa ta.

Mafi yawan bayanin ya fito ne daga Samuel Clemens, wanda duniya ta fi sani da Mark Twain, a babi na 15 na littafinsa Life on the Mississippi na shekarar 1883, wanda ya fara fitowa a mujallar Atlantic Monthly a 1875. Ɗan gida ne, domin ya koyi tuƙi a hannun Horace Bixby tun daga 1857, ya kuma karɓi lasinsa ranar 9 ga Afrilu, 1859. Ko sunan da ya laƙaba wa kansa daga bakin ma'aikatan jirgi ya ɗauko shi: kira ne da mai gwada zurfi yakan yi idan igiyarsa ta nuna gaba biyu, wato ƙafa 12. Sai dai kuma Twain gwanin ban dariya ne, kuma yakan ƙara wa miya gishiri, saboda haka alƙaluman da za a kawo nasa ne, a matsayin nasa kuma ya kamata a karɓe su.

Akwai kalmomi biyu da ya dace a bambanta tun da wuri. A nan kyaftin shi ne shugaban jirgi, mai kula da kaya da fasinjoji da ma'aikata, wani lokaci ma yana da hannun jari a jirgin. Matuƙi kuwa shi ne mai riƙe da sitiyari, wanda ya haddace kogi. A faɗar Twain, da zarar jirgi ya bar gaɓa, matuƙi ba ya karɓar umarnin kowa a kan hanyar da zai bi, har da kyaftin.

2.0 Kogi da Lasin

Jirgi mai amfani da tururi ya fara sauka kogin Misisipi ne a ƙarshen 1811, ya isa birnin New Orleans a watan Janairun 1812. Cikin shekaru arba'in da suka biyo baya jiragen suka yawaita, haɗurra kuma suka yawaita tare da su, musamman fashewar tukunyar tururi. Wannan ya sa majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 1852 wadda ta wajabta wa matuƙa da injiniyoyin jiragen fasinja mallakar lasin daga sufetocin gwamnati. Kyaftin-kyaftin kuwa sai a dokar 1871 aka sa su cikin wannan tsari.

Tsakanin St. Louis da New Orleans akwai tafiyar kimanin mil 1,200, kuma kogin ba ya zama wuri guda. Yakan zabtare gaɓa, ya tara yashi inda jiya ruwa ne mai zurfi, ya ɓoye kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. A wancan zamani babu fitila ko alama a bakinsa. Abin da matuƙi ya sani makon jiya yana iya kifar da jirginsa yau. Don haka babu abin da ya kai sabon labari daraja a wannan sana'a.

Ita dokar lasin tana da wata kafa. Idan matuƙa biyu masu lasin suka sa hannu a takardar ɗan koyo, sufeto yakan ba shi lasin, sau da yawa ba tare da wata tambaya ba. Kowane matuƙi kuwa yana son yaron da zai riƙe masa sitiyari shi ya huta, kyaftin-kyaftin da masu jirage kuma suna da 'ya'ya da 'yan'uwan da suke so a koya wa aiki. Kafin a farga matuƙa sun yi wa kogi yawa, albashi ya faɗi har zuwa dala 100 a wata. Da hannunsu suka jawo wa kansu.

3.0 Waɗanda Suka Sa Kansu Gaba

Kowa ya ga matsalar, amma kowa yana tsoron ya zama na farko, domin duk wanda ya fara maganar ƙungiya ya san aikinsa ya ƙare. Daga bisani kimanin mutum 12, wasunsu daga cikin gwanayen kogin, suka yi shahada. Suka nemi takardar izini daga majalisar jiha da sunan ƙungiyar taimakon juna, suka zaɓi shugabanni a tsakaninsu, suka tara jari daga aljihunsu, sannan suka yanke cewa ɗan ƙungiya ba zai yi aiki ƙasa da dala 250 a wata ba. Nan take aka sallame su duka, kowa ya koma gida.

Abin lura shi ne Twain bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali ya cika littafinsa da sunayen matuƙa da jirage. Ayyukansu kawai ya bari, kuma daga ƙa'idojin da suka rubuta ake gane irin hangen nesansu. Kuɗin shiga dala 12 ne kacal. Ɗan ƙungiyar da ba shi da aiki ba ya biyan kuɗin wata, hasali ma shi ake bai wa dala 25. Idan ya mutu ƙungiya ce za ta yi masa jana'iza, matarsa ta riƙa karɓar dala 25 a wata, da wani abu domin kowane yaro.

Waɗanda suka fara amsa wannan kira su ne tsofaffi da ragwaye da waɗanda babu mai ɗaukarsu aiki. Ƙungiya ta zama abin dariya a kogi. Gwanayen da suka ƙi shiga suna ta ba'a, har suna yi wa 'yan ƙungiya godiyar shaƙiyanci, domin janyewar da suka yi daga kasuwa ta sa albashin na waje ya hau zuwa dala 125, wani lokaci 150. Shugabannin dai suka daure wata da watanni suna biyan mutanen da ba su kawo komai, daga asusun da ba a zuba masa komai. A nan ne nauyin shugabanci ya fi tsanani, domin babu wata alamar cewa abin zai yi kyau, kuma kowannensu yana iya komawa aiki gobe idan ya yarda ya ajiye ƙungiya.

Da kakar ciniki ta zo, jirage suka ƙaru a Misisipi da rassansa, matuƙa suka yi ƙaranci, dole kyaftin-kyaftin suka nemi waɗanda suka kora. Sai suka tarar da wata ƙa'idar: ɗan ƙungiya ba ya tuƙi tare da wanda ba ɗan ƙungiya ba. Tun da kowane jirgi matuƙa biyu yake ɗauka, masu karɓar juna, wanda ya ɗauki ɗaya sai ya ɗauki na biyu.

4.0 Akwatin Tasha

Duk da haka, abin da ya karya lagon na waje wani abu ne daban. A kowane gari mai ɗan girma akwai jirgin da aka ɗaure a bakin gaɓa ya zama tasha, inda ake sauke kaya da fasinja. Shugabannin ƙungiya suka ajiye akwati mai ƙarfi a kowace irin wannan tasha, suka sa masa kwaɗo irin wanda gidan waya na Amurka kaɗai yake sa wa jakunkunan wasiƙu. Sai da suka sha roƙo kafin gwamnati ta yarda su yi amfani da shi. Kowane ɗan ƙungiya yana da mabuɗi, kuma yadda yake riƙe shi a hannu idan baƙo ya tambaye shi labarin kogi ita ce shaidar da 'yan ƙungiya suke gane juna da ita.

Aka buga takardu masu layi-layi, da gurbin sunan maƙetara, da na zurfin ruwa, da na alamomin da za a bi, da na ƙarin bayani. Matuƙi yana tafiya yana cikawa. Idan ya iso tasha sai ya buɗe akwati ya jefa tasa, ya karanta na waɗanda suka fito daga inda ya dosa. Idan kuma shakka ta kama shi a tsakiyar tafiya, akwai wata irin busa da zai yi wa jirgin da ke tahowa; in ɗan ƙungiya ne a ciki sai ya amsa, jiragen su matso kusa, a ba shi labari da ɗuminsa. A ƙarshen tafiya kuma yakan kai cikakken rahoto zauren ƙungiya a St. Louis ko New Orleans kafin ya nufi gida. An kuma haramta bai wa na waje ko kalma guda game da hanya. Ta haka ɗan ƙungiya mafi rauni ya zama yana tuƙi da idanun mutum ɗari, gwanin waje kuwa da nasa biyu.

Wannan dabara ta haɗa asusu da labari tana da magabata a Amurka. A Boston, a 1742, wasu kyaftin-kyaftin na jiragen teku sun kafa ƙungiyar da ta sami takardar izini a 1754, inda kowa yake zuba kuɗi a akwati domin 'yan'uwan da suka shiga wahala da iyalansu, yake kuma kawo bayanin abin da ya gani a teku idan ya dawo. A Salem ma, ƙungiyar da aka kafa a 1799 domin waɗanda suka taɓa zagaya ƙarshen kudancin Afirka ko na Amurka ta Kudu takan bai wa 'ya'yanta littafin da za su cika a tafiya, kuma masanin lissafin nan Nathaniel Bowditch ya daɗe yana duba waɗannan littattafai kafin ya zama shugabanta a 1820. Bambancin shi ne na Misisipi sun sa wa labarin kwaɗo, suka mayar da shi makami.

Ba a daɗe ba sakamako ya bayyana. Jiragen na waje suka riƙa hawa yashi suna nutsewa, na 'yan ƙungiya suna wucewa lafiya. Masu biyan asara, wato kamfanonin inshora, su suka fara lura, suka kuma umarci kyaftin-kyaftin da su sallami na waje su ɗauki 'yan ƙungiya. Babu mai jirgin da zai iya ja da mai inshora. Masu dariyar jiya suka zo neman shiga, suka tarar kuɗin shiga ya koma dala 50, ga kuma kashi 10 cikin 100 na duk albashin da mutum ya karɓa tun ranar da aka kafa ƙungiya. Akwai mai taurin kan da sai da ya biya dala 625.

5.0 Bayan Nasara

Daga nan ikon shugabanni ya bunƙasa ƙwarai. Aka hana ɗaukar 'yan koyo har shekara 5. Bayan haka ma ƙungiya ce kaɗai za ta ɗauka, kuma sai wanda ya kai shekara 18, ya ci jarrabawa, ya biya dala 1,000 tun kafin ya fara. Shugaba da sakatare su suke rarraba 'yan koyo a jirage, su sauya musu wuri bisa ƙa'ida. Tun da doka ta ce sai da sa hannun masu lasin ake ba da lasin, kuma masu lasin duk sun shiga ƙungiya, ƙofar sana'ar gaba ɗaya ta koma hannun mutanen da matuƙa suka zaɓa, ko da yake sunan gwamnati ne a kan takardar.

Sun yi abubuwan kirki da wannan iko. Sun riƙe matan mamata da marayu, kuma idan haɗari ya ci ɗan'uwa sukan tura mutane neman gawarsa a kogi, neman da wani lokaci yakan ci dala 1,000. Sun kuma shiga harkar inshora da kansu. Amma adalci ya sa a faɗi cewa dala 1,000 ta rufe ƙofa ga ɗan talaka, kuma da suka ɗaga albashi zuwa dala 500, masu jirage ba su yi asarar ko sisi ba: kuɗin dakon kaya suka ƙara, nauyin ya faɗa kan manoman bakin kogi. Su ma kyaftin-kyaftin da suka ga haka sai suka kafa tasu ƙungiyar, suka nemi dala 500. Twain ya ce ranar 1 ga Satumba, 1861 aka sa domin fara sabon albashin. Wannan kwanan wata abin a yi hattara da shi ne, domin Yaƙin Basasar Amurka ya ɓarke tun watan Afrilun shekarar, kuma kafin Satumba zirga-zirgar ciniki tsakanin arewa da kudu ta kogin ta tsaya.

Twain ya lissafa abubuwan da suka kashe ƙungiyar. Jirgin ƙasa ya fara janye fasinjoji. Yaƙin 1861 zuwa 1865 ya zaunar da yawancin matuƙa ba aiki, ga tsadar rayuwa. A daidai wannan lokaci, da 'yan ƙungiya da matan mamata suka fi bukatar asusunsu, ma'ajin ƙungiyar St. Louis ya kwashe kuɗin kaf ya gudu. Yaƙi da jirgin ƙasa sun fi ƙarfin kowane shugaba, kuma ko da ma'ajin ya riƙe amana da wuya sana'ar ta koma yadda take. Sai dai asusun nan domin irin wannan rana aka tara shi, kuma mutanen da suka nemo kwaɗon gwamnati domin tsare labarin kogi daga na waje, na cikin gida ne ya buɗe musu akwatin kuɗi. Shi ma Twain bai faɗi sunansa ba.

Bayan yaƙi sai aka shigo da dabarar ɗaure kwale-kwalen kaya masu yawa a jikin ƙaramin jirgi guda, kayan da a da sai jirage goma ko fiye suke ɗauka, kowanne da matuƙansa biyu. A 1874 gwamnatin tarayya ta ɗora wa hukumar fitilun teku alhakin kafa fitilu a bakin Misisipi da Missouri da Ohio, a 1879 kuma ta kafa hukumar kula da kogin Misisipi. Da Twain ya sake bin kogin a 1882 domin rubuta littafinsa, ya tarar da fitilun gwamnati suna ci a maƙetarun da a da sai an buɗe akwati ake sanin halinsu, jiragen da suka rage a tashar St. Louis kuwa 'yan kaɗan ne.